Kaset-kaset ɗin Shata da na tarar a akwatin Baba

Ɗan Direba: Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun jiya. Wata uku ke nan da rasuwar mahaifinmu, sai jiya muka samu ƙarfin halin buɗe akwatinsa na ƙarfe, irin mai zanen furanni ɗin nan na da. A can ƙasan manyan riguna da tsohon lasin ɗinsa na tuƙi sai ga kaset-kaset a jere cikin kwalin sabulu, na ƙirga 41, guda 33 duk na Alhaji Mamman Shata ne, sauran Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya sai na karatun Alƙur'ani guda biyu da ya naɗe daban a cikin ƙyalle. Kowanne ya yi rubutu a jikinsa da biro, wani da boko wani da ajami. Baba direban babbar mota ne, ya kusa shekara talatin yana bin hanyar Funtuwa zuwa Legas. Ni dai na tashi ina jin Shata kamar yadda ake jin ƙarar injin niƙa a unguwa, kullum yana nan amma ban taɓa tsayawa na kasa kunne ba. To wani baffanmu ya ce a kwashe a zubar, wai kayan maroƙa ne ba abin da za su ƙara wa mamaci. Wallahi abin ya yi min zafi amma na rasa ta cewa don ni kaina ban san mutumin ba. Don Allah manya ku faɗa min, wai Shata roƙo ne kawai aikinsa? Me mutum irin Baba, wanda ba ya wasa da jam'i, ya gani a wurinsa har ya adana shi haka?

Maman 'Yan Biyu: Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kada ka yarda a zubar ƙanina, ko ba don Shata ba ai rubutun hannun mahaifinka ne a jiki.

Kawu na Funtuwa: Wa alaikumussalam ɗana, Allah ya gafarta mashi ya ba ku haƙuri. Ni a Funtuwa aka haife ni kuma na ga Shata da idona ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, don haka bari in ba ka abin da na sani. Abin da baffanka ya faɗa, shi ne dai abin da uban Shata ya faɗa tun kafin a haifi babanka. An haifi Shata a Musawa a 1923, mahaifinshi Ibrahim Yaro, mahaifiyarshi Lariya, asalinsu Fulani ne, gidansu babu makaɗi babu maroƙi. Uban bai so ɗanshi ya yi waƙa ba ko kaɗan saboda a wurinshi waƙa roƙo ce, roƙo kuma zubar da mutuncin gida ne. An sa shi makarantar allo, ya yi tallan goro, ya koma tallan alewa, a bakin tallan nan ne waƙar ta fara fitowa, da kuma dandali in dare ya yi. Sunan Shata ma ba na yanka ba ne, wani ɗan'uwansu Baba Salamu ya laƙaba mashi. Daga baya ya koma Bakori inda Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can, ya riƙe shi. Sunanshi ya fara tashi sosai a Kano wurin bikin 'yan sarki a 1952, sannan wajen 1960 ya dawo nan Funtuwa ya zauna, nan ya zama gida har ƙarshen rayuwarshi duk da yana da gidaje a wasu garuruwan. Ka ga ke nan haye ya yi, ba gado ba. Hausawa na cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya, to a kan Shata dai maganar ba ta ci ba.

Ɗan Direba: Na gode Kawu, Allah ya ƙara girma. Ashe har shi ma a gidansu an yi wannan rigimar.

Almajirin Malam: Allah ya jiƙan mahaifinka ɗan'uwa. Amma ni zan faɗi gaskiyata ko da ba za ta yi daɗi ba. Baffanku bai yi ƙarya ba. Mutum ya tsaya gaban mai kuɗi ya wasa shi, ya ambaci ubansa da kakansa, a ba shi riga a ba shi mota, in wannan ba roƙo ba ne to mene ne? Kuma kowa a nan ya san waƙar A Sha Ruwa, kowa ya san ruwan da ake nufi, ba na randa ba ne. Mu daina rufe ido saboda muna son mutum.

Kawu na Funtuwa: Malam ban musa maka ba, ya yi waƙar, kuma bai taɓa ɓoye halinshi ba. Amma bakin da ya yi waccan shi ne ya yi Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu, na ga dattawa masu furfura suna share hawaye in an sa ta. Mutum ne dai, da nashi da na Allah ya shirya. Hisabinshi na wurin Ubangiji.

Almajirin Malam: Haka ne Kawu, ni ma ba hukunci na yanke masa ba, Allah ya gafarta masa. Abin da nake gudu shi ne yaran yanzu su ɗauka duk abin da ya faɗa daidai ne tunda ana ce masa Dakta.

Malamar Hausa: Ta'aziyya ƙanina. Ina son in raba wata magana gida biyu don ita ce ke rikita mutane, har ɗalibaina a aji. A tsarin kiɗan Hausa akwai makaɗi mai buga abin kiɗa, akwai mawaƙi mai rera waƙa, akwai 'yan amshi, akwai kuma maroƙi ko sanƙira, wanda shi aikinsa kirari da shelar kyautar da aka bayar, ba ya waƙa. Mutanen gari ne suka haɗe su duka suka kira su maroƙa. E, Shata ya karɓi kyauta, da ita ya rayu ya riƙe jama'arsa, a lokacin ai babu wani tsarin da mawaƙi zai ci kuɗin sayar da waƙarsa yadda ya kamata, kaset ɗaya za a saya a kwafa ɗari a kasuwa shi ko sisi. To amma ka duba su wa ya yi wa waƙa. Makaɗin fada sarkinsa ɗaya, shi yake yi wa har ya mutu. Shata ba shi da wannan takunkumin. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, ya yi wa Sarkin Zazzau Shehu Idris, sannan ya juyo ya yi wa dogari, Hassan Sarkin Dogarai, ya yi wa Sarkin Bori Sule, ya yi wa mata irin Indon Musawa, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da manoma, ya yi wa daji waƙa, ya yi wa tsuntsaye. Da Amurkawa suka sauka kan wata a 1969 ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, mutumin ƙauye da bai taɓa riƙe jarida ba a bakin Shata ya ji labarin. Lokacin yaƙin basasa ya yi wa sojoji. To wanda ya yi wa kumbo waƙa wa yake roƙo? Shi ya sa nake ganin babanka ya riƙe shi. Direban babbar mota a wancan zamanin ba kowa ke ganinsa da daraja ba, sai ga mawaƙin da sarakuna ke aika wa mota yana kiran sunayen direbobi da murya ɗaya da wadda yake kiran sarki. Dole ya ji cewa nasa ne.

Ɗan Direba: Malama wallahi kin taɓo wurin. Akwai kaset ɗaya da ya fi sauran goguwa, takardar jikinsa har ta yi baƙi da dattin hannu, ya rubuta Umaru Ɗanɗanduna a kai. Na tuna in ya dawo daga tafiya yana wanke mota da yaransa ita yake sawa.

Basakkwace: Allah jiƙan tsoho. Ni kau ban yarda a aza Shata bisa kowa ba. Ku saurari Narambaɗa, ku saurari Ɗanƙwairo, ku ji yadda aka gina waƙa, 'yan amshi na karɓa suna ƙari, magana bisa magana, azanci wanda sai ka kwana kana tunani kahin ka gane. Shata amshinai layi guda ne tun farko har ƙarshe, yara na ta maimaitawa shi yana ta zuba. Wanga ai sauƙi ne. Kotso da taushi su ne kiɗan manya, kalangu kiɗan mahauta ne da 'yan mata a dandali.

Jikan Makaɗi: Yaya Basakkwace ka yi haƙuri amma nan kam sai na shigo, don kakana kalangu ya kaɗa har ya tsufa, a gidanmu na ga abin. Gaskiya ne kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata, ba a shiga da shi fada a da. To ai abin da ya sa ake maganar Shata ke nan, shi ya ɗauko shi daga bakin mahauta da dandali ya kai shi gaban sarki, har ya kai shi ƙasashen waje. Kuma ba kiɗa ne mai sauƙi ba kamar yadda kake gani. Ana rataya shi a kafaɗa a saƙale a hammata, tsarkiyoyin nan da suka haɗa fatun baki biyu su ake matsawa, in ka matse murya ta yi sama in ka saki ta yi ƙasa, da haka kalangu ke magana, ya kira sunan mutum ya yi masa take, Bahaushe na ji ya gane. Ina yaro da damina kakana sai ya fito da kalangansa ya jera a kan tabarma a rana saboda fata ta yi sanyi ta saki, yana zaune yana ɗan ƙwanƙwasa kowanne da yatsa yana kara kunne, wanda bai yi masa ba ya mayar rana. Hammatarsa ta hagu har ta yi kanta. Sannan maganar amshi layi ɗaya, kai sauƙi ka gani, ni wahala na gani. Makaɗin fada suna zama da yaransa su shirya waƙa su haddace, kowa ya san wurin da zai karɓa, in ya gaji yara su ɗauke masa nauyi. Shi Shata amshi kawai zai ba su a wurin, sauran duk a kansa yake, babu mai taimakonsa da ko kalma ɗaya, ya yi minti ashirin ko fiye yana ƙirƙira a tsaye. Shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya ya yi ta a wuri uku kuma kowacce daban. Ka saurari Bakandamiyarsa, wato babbar waƙarsa, ta faifai daban-daban ka ji, amshin ne kaɗai bai canja ba.

Basakkwace: To na ji wagga, ban san zancen hammata ba. Amma dai Bakandamiya ai Narambaɗa ma na da tashi, kuma ni tashi ta fi shiga raina. Kowa da gwaninai.

Kawu na Funtuwa: Kowa da gwaninshi kam. Shi kanshi Shata ai ba ya cikin layinsu, su makaɗan sarauta ne shi na jama'a ne, kamar ka haɗa rijiyar gidan sarki da kogi ne ka ce wanne ya fi. Abin da jikan makaɗi ya faɗa na gani da idona. Wani biki aka yi a unguwarmu ina saurayi, an shimfiɗa tabarmi an kunna fitilar gas, makaɗa sun durƙusa sun jima suna kiɗa kafin ya iso. Da ya zo bai yi gaggawa ba, ya tsaya ya dubi jama'a ya gyara hannun riga, ya juya ya faɗa ma yaranshi layin da za su riƙe, sau biyu kawai ya maimaita suka ɗauka. Daga nan duk wanda ya shigo fili sai ya saka shi cikin waƙar, wani da sunan ubanshi wani da garinsu, sanƙira na raɗa mashi a kunne yana ɗorawa ba tare da kiɗa ya karye ba. Har aka yi kiran assalatu mutane ba su watse ba.

Yaron Sitidiyo: Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ni aikina ke nan haɗa kiɗa a kwamfuta, kuma zan faɗa muku abin da na gani da na gwada. Wani ya kawo min waƙar Shata ya ce in ɗora mata kiɗan fiyano na zamani, na kwana biyu a kai ta ƙi zama, saboda kiɗan kwamfuta a mizani ɗaya yake tafiya shi kuma makaɗansa binsa suke yi, in ya ja magana su ja in ya yi sauri su bi shi, suna numfashi tare. Ƙarshe na mayar wa mutumin kuɗinsa na ce a bar ta yadda take. Amma kuma kada a ce mu na yanzu ba mu iya komai ba, zamani ne ya canja, yau wa zai zauna ya ji waƙar minti talatin a waya?

Maman 'Yan Biyu: Ni ina ji ƙanina. In ina wanke-wanke ko tuƙin tuwo ita nake sawa, doguwar ma ta fi min. Kuma tunda ana maganar Funtuwa kada a manta da Barmani Choge, ita ma 'yar garin ce, da ƙwarya ta yi nata har ta rasu a 2013. Garin nan Allah ya ba shi.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, Allah ya jiƙan tsohonmu. Mu nan Nijar Shata namu ne kamar yadda yake naku. Tsohona yana da rediyo mai batir huɗu, in dare ya yi sai ya ja eriya ya nemo Kaduna, tashar na shuu tana ɗaukewa tana dawowa, da an sa Shata duk mai magana sai ya yi shiru. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana gobe a sake. Motocin da ke zuwa daga Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa kuwa ba ka shiga ɗaya ba ka ji shi ba. Har yau a tashar mota ta Maraɗi masu tura waƙa a waya suna da shi cike da kati.

Almajirin Malam: To ni tambayata ga Malama, zambo fa? Mutum ya ƙi ba ka ko ku saɓa sai ka yi masa waƙar da jikokinsa za su riƙa jin kunya. Wannan ai cin mutunci ne, kuma mutane da yawa tsoron bakinsa ya sa suke ba shi ba ƙauna ba.

Malamar Hausa: Malam a nan ina tare da kai rabi. Zambo makami ne, kuma Shata ya iya shi fiye da kima, waƙar Gagarabadau kaɗai ta isa misali, wanda bai san kan zance ba zai rantse yabo ne. Ba na cewa duk wanda ya sha zambonsa ya cancanta, kuma iyalan da abin ya shafa suna da haƙƙin jin ciwo. Amma rabin da ban bi ka ba shi ne, a zamanin da talaka ba shi da jarida ba shi da Facebook, bakin mawaƙi na cikin 'yan abubuwan da mai iko da mai kuɗi ke shakka. Kuma shi mutum ne da bai iya lanƙwasa ba, ko a siyasa haka ya yi. Ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, lokacin ana jihar Kaduna tun ba a yanke Katsina ba, sannan a jamhuriya ta uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na Funtuwa, aka saɓa aka tsige shi. Game da Daktan da ka ambata kuma, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta ba shi na girmamawa a 1988, gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, MON. Tun kafin nan ma, a 1975, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Shata. Ba don halinsa aka ba shi ba, don abin da ya yi wa harshen Hausa ne. Ni in ina son in nuna wa ɗalibi yadda ake sarrafa karin magana da kirari da sunayen garuruwa da zuri'a, kaset ɗinsa nake kunnawa, akwai kalmomin da yaran yanzu ba su taɓa ji ba sai a can.

Almajirin Malam: Na gamsu da wannan rarrabewar Malama, Allah ya saka. Matsayina a kan kiɗa yana nan yadda malamaina suka koya min, amma ban ce a zubar da kayan mahaifin bawan Allah ba. Ya yi masa sadaka da addu'a, shi ne abin da zai isa gare shi.

Ɗan Direba: In sha Allah Malam, kullum muna yi.

Jikan Makaɗi: Abin da ke ci min rai ni kuma shi ne mutanen bayansa. Kowa Shata Shata, amma masu kalangan nan da mai kuntuku da 'yan amshin da suka bi shi shekara da shekaru, suka kwana a hanya suka bar iyali, wa ke tambayar inda suka ƙare? Kakana ba da Shata ya yi ba, da wani ƙaramin mawaƙi ya yi, amma na ga yadda tsufan makaɗi yake. Ranar da hannu ya daina ɗaguwa shi ke nan, babu fansho babu komai. Da ya rasu kalangansa uku suna rataye a zaure har gara ta cinye biyu, ni na tsira da ɗaya, yana ɗakina yanzu fatar ta fashe. A gidanmu babu wanda ya gaje shi, iyayenmu sun ce boko za mu yi kada a kira mu 'ya'yan maroƙa.

Kawu na Funtuwa: Allah sarki. Wannan gaskiya ce mai ɗaci ɗana. Su ne ƙashin bayan abin, in makaɗi ya kuskure mawaƙi ya faɗi.

Zangon Kumasi: Ina gaida kowa daga Gana. Mu a zango tsofaffinmu da Shata suke tuna gida. Kakata ba ta taɓa komawa Katsina ba tun da aka kawo ta aure, amma in an sa shi tana jin ya ambaci wani gari sai ta ce nan kusa da garinmu ne, ta fara ba mu labari. Yawancin sunayen garuruwan Hausa da na sani a haka na san su.

Yaron Sitidiyo: Yaya Ɗan Direba, shawara ta aiki. Kada ka saka kaset ɗin nan a kowace rediyo ka ce za ka gwada, wanda ya daɗe a ajiye zarensa yana mannewa, tsohuwar rediyo kuma robarta ta saki sai ta tauna maka shi. Ka fara duba ko akwai farin fumfuna a jikin zaren ta 'yar tagar nan. Sannan ka sa biro a ramin ka juya a hankali daga farko har ƙarshe ka dawo da shi, don ya saki jiki. Ka ajiye su a tsaye a inuwa, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Kuma ka ɗauki hoton rubutun Baba na kowanne kafin komai. Dalilin da ya sa na damu, ba duk abin da ke kaset irin na direbobi ne yake intanet ba. Waɗanda kamfani ya buga suna ko'ina, amma akwai waɗanda wani ya ɗora rakoda a wurin biki ya ɗauka, aka yi ta kwafa hannu da hannu a tasha, irin waɗannan wani lokaci kwafi kaɗan ne suka rage a duniya. Shi kansa Shata ai an sha tambayarsa yawan waƙoƙinsa bai iya ƙididdige su ba, tunda ba rubutawa yake ba.

Maman 'Yan Biyu: Kuma don Allah kada ka ba kowa su tafi da su. Ni na yi wannan kuskuren, na kai na mahaifiyata guda goma sha biyu wani shago a kasuwa a juye min a kati, har da wanda aka ɗauka ranar bikinta da muryar kakata a ciki tana guɗa. Yau gobe yau gobe, da na koma bayan sallah an tashi daga shagon, maƙwabtansa suka ce ya bar gari. Shekara shida ke nan abin na dawo min. In za a juye ka zauna a wurin a yi a gabanka.

Ɗan Direba: Innalillahi, Allah ya mayar miki da alheri Yaya. Na ji kuma na ɗauka. Kawu tambaya ɗaya ta rage min, a Funtuwa aka binne Shata? Ina son in na je gida in kai ziyara.

Kawu na Funtuwa: A'a ɗana, Daura za ka. Ya yi jinya har an kai shi Jidda, ya dawo, ya rasu a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999, makonni kaɗan bayan soja sun miƙa mulki. Aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidanshi Sarki Muhammadu Bashar, wanda shi ma ya rasu a 2007. Ranar a Funtuwa ko a kasuwa ba ka jin zancen komi sai nashi.

Basakkwace: Allah jiƙansu baki ɗai, da shi da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya. Ɗan Direba, waɗanga na Ɗanƙwairo da ka ce suna ciki, in an juye a tuna da ni.

Ɗan Direba: Za a tuna da kai Yaya. Na dawo da bayani jama'a. Na yi yadda Yaron Sitidiyo ya ce, na ɗau hoton duka, na juya su da biro, guda huɗu sun yi fumfuna na ware su gefe. Da yamma na je wurin baffa na zauna na karanta masa abin da Kawu da Malama suka rubuta, har da na Almajirin Malam ban tsallake ba. Ya yi shiru ya jima, sai ya ce in miƙo masa kwalin. Ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya yana karanta ajamin, da ya zo kan wani sai ya ce wannan a Zariya suka saye shi tare da Baba shekarar da aka haife ni, lokacin shi ne yaron motarsa. Bai ce in ajiye ba bai kuma sake cewa in zubar ba, ya dai ce in na juye in kawo masa wannan ɗin a waya. Akwai guda biyu da Baba ya rubuta biki kawai a jiki babu sunan waƙa, ina zaton irin waɗanda ka ce ne na rakoda. Yaron Sitidiyo a wane gari kake? In Kano ne zan shigo ranar Asabar da kwalin, in zauna a yi a gabana.

Yaron Sitidiyo: Kano nake Yaya. Ka zo da safe kafin a ɗauke wuta, zan aro dek, na'urar kunna kaset, mai kyau wurin maigidana in goge kansa tun daren Juma'a. Mu fara da biyun nan na biki. Ka taho har da masu fumfunan, kada ka goge su da kanka.